Saukar baƙin Sallah a Damagaram: shirin da ake yi tun kafin su ɗaure kaya

Duk shekara, da azumi ya raba tsakiya ko watan Layya ya kusa tsayawa, tambayar da ake yi mini ɗaya ce: ƴan'uwa za su zo Sallah daga Yamai, ko Agadas, ko Kano, ta ina zan fara? Yawancin masu tambayar hankalinsu yana kan zabi da kaji da rago. Amma a garin nan da wuya ka ji an ce wane ya ji kunyar baƙi don nama ya gaza. Abin da ke tona asirin mai masauki ruwa ne, sai wurin kwana, sai uwargida da ta galabaita tun ba a je Idi ba. Shi ya sa na jera matakan nan bisa abin da ya fi wuyar gyaruwa in an makara. A ƴan shekarun nan kuma Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi kan haura digiri 40, don haka da bazara na yi lissafin.

1. Fara da cikin gida (saura wata guda)

Kafin ka ce wa kowa "Bismillah, ku taho", zauna da uwargida. Kai za ka fitar da kuɗi, ita za ta tsaya gaban murhu, ita za ta san ko tabarma ta isa, ita kuma za ta kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarka ko ƙanwarka. Ku tsayar da abu uku a zaman nan: mutum nawa gidan zai iya ɗauka, kwana nawa, da wanda zai taya ta aiki. In mata biyu ne ko fiye, a faɗi ranar girkin kowa a fili, a kuma faɗi yadda za a yi ranar Sallah kanta, domin aikin ranar ya fi ƙarfin mai girki ita kaɗai.

Mai taya aiki tun yanzu ake nemanta. Ƴar maƙwabta ce ko wata daga ƙauye, a yi magana da iyayenta, a yanke abin da za a ba ta, a kuma bar mata lokacin da za ta je nata yawon Sallar.

Hattara: kar ka lissafa baƙuwa cikin masu aiki. In ta miƙe ta kama, madalla. In ta zauna, haƙƙinta ne, ta sha hanya.

2. Mutum nawa, yaushe za su zo, yaushe za su koma (saura mako uku)

A nan kunya take cin mutane. Ba a tambayar babba "yaushe za ku tafi?", gaskiya ne, amma akwai hanyar da za ka ji amsar ba tare da ka yi rashin ladabi ba. Kira ka ce: "Gwaggo, wace rana za mu tarye ku a tasha? Da yara nawa za ku taho, don a tanadi shimfiɗa?" In an gama wannan sai ka ƙara: "Kun san bayan Sallah mota cika take. In yanko muku tikitin komawa tun yanzu kar a rasa wuri, na wace rana zan karɓa?" Ba wanda zai ji haushin wannan, kuma ba dabara ce kawai ba, domin kwana biyu zuwa uku bayan Sallah ma'aikata da ɗalibai duk lokaci guda suke komawa.

Duk adadin da aka faɗa maka, ƙara mutum biyu a lissafinka. Gwaggo za ta ce ita da jika ɗaya, a tasha ka tarar da jika biyu da ƴar riƙo.

Ranar ƙaramar Sallah ba a saninta sai daren da aka ga wata, ko azumi ya yi 29 ko ya cika 30, saboda haka a shirya kamar kashegarin 29 ce Sallah. Ta Layya ta fi sauƙi, tunda da watan Zulhajji ya tsaya an san ranar goma. Ka kuma tuna an sha samun shekarun da Nijar da Najeriya ba su yi Sallah rana ɗaya ba. Baƙon da ya taso daga Kano ko Daura da lissafin can yana iya isowa ya tarar an sauko Idi, ko ya tarar ana azumi.

Hattara: masu zuwa daga Najeriya, ta Ɗan Barto da Matamaye ko ta Magarya, su duba takardunsu tun da wuri, katin shaida da katin allurar rigakafi, na yara ma haka. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka su tambayi direban da ya bi hanyar a makon abin da ake nema a iyaka, kar su dogara da yadda suka wuce shekaru uku baya. Su kuma canza nairarsu zuwa sefa kafin jajibere.

3. Ruwa (fara saura mako biyu)

Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Da bazara, unguwannin da ke kan tudu sukan kwana su wuni famfo bai ɗiga ba, in ya zo ma sau da yawa tsakar dare yake zuwa. Kai ka saba, ka san yadda ake wanka da rabin bokiti. Baƙon da ya zo daga inda famfo ba ya yankewa bai sani ba, kuma ba za ka tsaya ƙofar bayi kana auna masa ba.

Ga yadda nake lissafi. A ranar zafi babban mutum zai sha lita 3 zuwa 4, ya yi wanka sau biyu da bokiti mai lita 10 zuwa 12, ya yi alwala biyar, ya shiga bayi, sannan ga rabonsa na girki da wanke-wanke. In ka tara, ka sa masa lita 40 a rana. Baƙi shida, kwana biyar, lita 1,200 ke nan. Da duro mai lita 200, duro shida. Da bido, wato jarka, mai lita 25, bido 48. Wannan na baƙi ne kawai, ban sa na mutanen gida ba, ban sa wanki ba. In Sallar Layya ce, ƙara duro guda cur don ranar yanka, saboda wankin kayan ciki da kawuna da ƙafafu yana cin ruwa fiye da yadda ake zato.

Ba lalle ka tara shi duka rana ɗaya ba. Abin da ake so, ranar da baƙi suka sauka a ce ruwan kwana uku yana ajiye, sannan akwai hanyar da wani zai riƙa shigowa kullum. Matakan su ne:

Na farko, ƙirga mazubin da kake da su, ka ari saura ko ka saya. Duro da bido suna tsada a makon Sallah kamar kome.

Na biyu, wanke su. Bidon man girki sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau biyu ko uku, in ba haka ba ruwan zai yi ƙarni. Wanda aka taɓa zuba fetur, ko gazuwal, ko maganin ƙwari, kar a sa masa ruwan sha ko na girki ko da an wanke shi sau goma.

Na uku, yi magana da ɗan garuwa ko mai amalanken da ya saba kawo muku. Ku yanke bido nawa kullum da farashi, har da ranar Sallah da kashegarinta, ka ba shi wani abu kafin alƙalami. Su ma Sallah suke, da yawansu gida suke tafiya, waɗanda suka rage kuma kowa nemansu yake. A ce ana kawo maka bido a kan dala ashirin, wato sefa 100 (misali ne, sa farashin unguwarku): bido 48 jika huɗu da dala ɗari da sittin ke nan, sefa 4,800. Ware ninkin wannan, domin farashin jajibere daban ne.

Na huɗu, sa wani ya riƙa kwana da kunne a famfo. A bar shi a buɗe kaɗan da bokitin ƙarfe a ƙasa, ƙarar ɗigon farko za ta tayar da mai tsaro.

Ruwan sha a raba shi da na aiki, a ɗaura wa bidonsa ƙyalle don yara su gane. Randa biyu a inuwa, a kan yashi mai laima, sun fi firji amfani a ranar da ba wuta. In sabuwa za ka saya, ta Mirya sananniya ce, kuma garin bai kai kilomita 20 daga nan ba. Amma a jiƙa ta a zubar da ruwan farko da na biyu kafin baƙi su zo, don ƙanshin ƙasa ya ragu kuma a gane ko tana yoyo. Ruwan da ba ka san daga inda aka ɗebo shi ba, a tafasa na sha ko a sa masa ƙwayar Aquatabs bisa abin da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Cikin baƙo bai saba da ruwan garin da ba nasa ba, na jarirai kuwa a tafasa kawai.

Hattara: kowane duro da kowace babbar roba a rufe su da murfi mai nauyi. Gida zai cika da yara masu rarrafe da masu tatata, manya kuma hankalinsu na kan hira.

4. Wurin kwana da bayi (saura kwana goma)

Ɗauki takarda ka zana ɗakunan gidan, ka rubuta sunan kowa inda zai kwana. Da ka fara za ka ga matsalar ba ta faɗin ɗaki ba ce kawai, akwai ta kunya. Surukarka ba za ta so ƙofar ɗakinta ta kalli taka ba, ba za ta kuma so ku yi kiciɓis a hanyar bayi da asuba ba. Mahaifinka ba zai sake ba in sai ya ratsa ta gaban matarka kafin ya fita masallaci. Don haka dattijo namiji a ba shi shago ko ɗakin da ke kusa da zaure, dattijuwa a ba ta ɗakin da ya fi kusa da bayin mata, ƴan mata su bi ta. Samarin gida su ne masu tashi: a roƙa musu wuri wurin abokansu ko a zauren maƙwabci, kuma a roƙa tun yanzu, domin maƙwabcin ma yana da nasa baƙin.

Da bazara ba mai iya kwana cikin ɗakin kwano in wuta ta ɗauke, kowa tsakar gida yake fitowa. To a shirya wa hakan: a raba tsakar gidan gida biyu da zana ko labule a kan igiya, ɓangaren mata da yara daban. A share, a yayyafa ruwan wanke-wanke da la'asar don ƙasa ta huce, a kawar da tarin itace da bulo da tsofaffin kwanoni daga inda za a shimfiɗa, saboda lokacin kunama ne. Kowane ɓangare a ajiye masa tocila. Cusa mutum takwas a ɗaki ɗaya a rufe taga ba dabara ba ce, balle a watannin da sanƙarau ya fi yawo.

In Sallar ta faɗo ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, hadari na iya tasowa tsakar dare da iska da ƙura. Kowa ya san ɗakin da zai ruga tun kafin a kwanta, kar a tsaya rabon ɗaki cikin duhu da katifa a ka. Gidan sauro kuma a fito da shi a duba ɓuli, a kafa ƙusoshin da za a ɗaura shi.

Kayan da za a tanada: katifa ko tabarma ga kowa, zanen gado, matashi ga manya, buta aƙalla uku, bokiti biyu na wanka, sabulu, darduma, igiyar shanya ta ƙari, da ƙusa ko rataya a ɗakin baƙi don kayan Sallah kar su yamutse. Katifar da ta daɗe a jingine a fitar da ita rana ta wuni, a duba ɗinkinta ko akwai kuɗin cizo.

Sai bayi. Leƙa masai ka ga inda ya kai. In ya kusa cika a kira masu kwashewa yanzu, makon Sallah ba za ka same su ba. A gyara ƙofa da sakata, a sa fitila. Tsoho mai ciwon gwiwa a ajiye masa ƴar kujera ta wanka.

Hattara: in gidan haya kake, bayi ɗaya da mita ɗaya da sauran ƴan haya, gaya musu adadin baƙinka da kwanakinsu, ka ce za ka ƙara wani abu a kuɗin ruwa da wutar watan. Faɗar da kanka tun farko ta fi a zo ana ƙunƙuni baƙi suna ji.

5. Kuɗi

Kuɗin baƙi daban, kuɗin Sallar gida daban. In ka haɗa su, ɗinkin yara da rago za su cinye kome. Shiga kasuwar Dole da biro da takarda, ka tambayi farashin abin da za ka saya a wuri biyu ko uku, ka dawo gida ka lissafa kafin ka sayi ko tsinke. Kasa kuɗin kashi biyar: abinci kashi biyu, ruwa da gaz da ƙanƙara da wuta kashi ɗaya, zirga-zirga da tsaraba da goron Sallah kashi ɗaya, na biyar kuma a ɓoye. Wanda ya ware jika ɗari, misali, jika ashirin ba ya taɓa su sai yaro ya kwana da zazzaɓi ko kuɗin motar wani ya gaza.

In ɗan'uwa ya ce zai aiko da gudummawa, kar ka ce "haba, a bar shi". Ka yi godiya ka ce ya turo ta Nita ko Amana ko duk inda ya saba, saura kwana goma, lokacin da kuɗin zai yi amfani kuma layi bai yi tsawo ba.

Nemi canji tun da wuri: ƴan dala ashirin-ashirin na ƙarfe don yaran unguwa, takardun dala ɗari da na jika don ƴaƴan baƙi. Ranar Sallah mai jika goma a dunƙule daidai yake da wanda ba shi da ko dala.

6. Cefane, kashi uku

Abin da ba ya lalacewa a saye shi saura mako biyu: gero, shinkafa, masara, wake, taliya, mai, sukari, ganyen shayi, busasshen tattasai, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, albasa, sabulun wanki. Tiya ɗaya ta gero wajen kilo biyu da rabi ce. Kilo ɗaya na shinkafa yana ciyar da manya shida zuwa bakwai sau ɗaya, saboda haka gidan da ya koma mutum goma sha biyu yana buƙatar kilo biyu a kowane girki. Buhu mai kilo 25 zai fitar da ku makon har da kwanukan da za a kai maƙwabta ranar Sallah.

Niƙa a kai shi saura kwana huɗu ko biyar. A jajibere layin injin niƙa har titi yake kaiwa, in wuta ta ɗauke kuma an shiga uku. Garin a baza shi ya huce kafin a rufe, in ba haka ba zai yi tsami. Alkaki da nakiya da dubulan da cincin su ma a wannan makon ake yinsu ko a ba da aikinsu. Suna jure kwanaki, kuma su ne ke rufa asiri in baƙon baƙo ya faɗo tsakanin abinci da abinci.

Zabi da kaji, in akwai inda za a tsare su, a saye su da rai saura mako guda, ranar Alhamis da kasuwa ke cika, a riƙa ba su dusa da ruwa a inuwa. Mai dogara da firji ya yanka su tun da wuri yana caca da wuta. Kayan miya ɗanye, tumatir da salati da kabeji, sai saura kwana ɗaya ko biyu.

Ku rubuta abin da za a ci kowace rana, kuma kar a mai da kowace rana Sallah. Baƙon da zai kwana biyar ba ya son shinkafa da nama safe da dare. Koko ko kunu da ƙosai da safe, fura da rana, tuwo da dare, dambu da zogale wata rana. Babban girki a bar wa ranar isowa da ranar Idi. Wanda ya daɗe a Yamai ko Kwatano sau da yawa tuwon gero miyar kuka ne ma ya kawo shi.

In baƙi za su riski ƙarshen azumi a wurinka, sa sahur da buɗa-baki a lissafi. Ka kuma tambayi magidancin cikinsu ko ya fitar da zakkar fidda-kai a can ko a nan zai fitar, don a auna masa hatsi tare da naku kafin a tafi Idi.

Hattara: naman Layya ba ya shiga lissafin abincin rana na ranar Sallah. Kafin a sauko Idi, a yanka, a feɗe, a gyara, azahar ta wuce, a gidajen da ake gasa rago sukutum a jikin itace kuwa sai kashegari ake taɓa shi. A dafa abin da za a ci tun da safe. Mahauci ma a kama shi saura mako, a yanke lada da lokaci.

7. Gaz, gawayi, wuta

Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, amma hakan bai hana layin gaz a jajibere ba, tunda kowa rana ɗaya yake tunawa da tukunyarsa. Cika taka saura kwana goma, in da hali ka ari ta biyu. Buhun gawayi da itace su zama a ajiye ko da kana da gaz, domin babbar tukunya da suyar nama a murhu ake yinsu, shayi ma gawayi yake so.

In mitarka ta kati ce, zuba mata fiye da na kullum: fanka za ta kwana tana juyawa, ga guga, ga wayoyi goma a caji. Sayi abin jona caji mai baki da yawa guda ɗaya mai kyau. Fitila mai aiki da hasken rana da fanka mai caji, in akwai, na ɗakin tsofaffi da mai jego ne. Mai ƙanƙara kuma a yi da shi kamar yadda aka yi da ɗan garuwa, a tanadi kula ko buhu da ɗan bargon da za a naɗe ta.

8. Magani

Tun a waya ka tambaya ko akwai mai hawan jini ko ciwon sukari, don a rage gishiri a raba masa shayinsa, kuma ya taho da maganinsa da zai kai shi har komawa. A gida a ajiye farasitamol, da gishirin zawo na leda, da auduga da filasta, nesa da hannun yara. San farmasin da ke gadi, wato mai kwana a buɗe, a makon Sallah da asibitin unguwa mafi kusa, ka riƙe lambar mai adaidaita ɗaya da zai ɗaga waya da dare. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a auna, kar a tsaya jiran Sallah ta wuce.

9. Ranar isowa

Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne; motar da ta taso da asuba sai dare take shigowa. Karɓi sunan kamfanin motar, ka riƙa kira kana jin inda suka kai, in sun wuce Takeita ka kama hanyar tasha. Ka je da kanka in babba ne. Kar ka tura yaro da kabu-kabu ya ɗauko dattijuwa mai buhu biyu da jikoki.

In an shigo gida: ruwan sha, ruwan wanka, sallah, abinci mai sauƙi, barci. Doguwar gaisuwa da kiran dangi su zo su gani a bar wa gobe. Uwargida ta nuna wa mata bayi da randar sha da inda ake zubar da ruwan wanka. A nan ne za ta sako maganar ruwa cikin raha, "Yaya, kun dai san halin garin namu, bokiti ɗaya muke yi", sau ɗaya, ba a maimaitawa. Kuɗi da takardu da gwal na baƙi a ba su akwati mai makulli, domin ranar Sallah gida a buɗe yake wuni.

10. Ranar Idi da kwanakin yawo

Tun daren jajibere a tsayar da wanda zai yi wanka farko. Mutum goma sha biyu da bayi ɗaya, in ba a fara da asuba ba, liman zai sallame kuna gida. Yara a fara da su, a sa musu kaya daga ƙarshe. A san wanda zai tafi da tsofaffi da abin hawan da zai kai su, a ɗauki darduma da lema da gorar ruwa. Mutum ɗaya babba ya zauna a gida.

Baƙo yana da nasa mutanen da zai gaisar, kai ma kana da naka. Ku jera gidajen tare, a fara da manya da gidajen da aka yi rasuwa cikin shekarar, a yi su da safe ko bayan la'asar, tsakar rana kowa ya kwanta. In da hali a ɗauki mai adaidaita ɗaya na wuni, ya fi ciniki a kowace kwana.

Yara da waɗanda ba su taɓa zuwa ba za su so a kai su Birni, ƙofar fadar Mai Martaba Sultan, su ga dawaki da dogarai da masu algaita, su kuma ga hawan ƙaho na mahauta in ana yi. A je da wuri a sami inuwa, kowane yaro da babban da ke riƙe da hannunsa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. Wurin hawan ƙaho a tsaya nesa da igiya, sa ba ya tambayar wane ne baƙo.

Hattara: ka bar wa uwargida yammaci guda da ita ma za ta fita gaida nata iyayen. Ranar a ci sauran abinci ko a sayo, ba abin kunya ba ne.

11. Sallama

Tsaraba a haɗa ta saura kwana biyu su tafi, ba da asubar tafiya ba. Ba sai mai tsada ba: alkaki, kilishi, ƴar jaka ko takalmin fata na dukawan gari, tiya biyu ta gero ga mai son fura. In naman Layya ne, sai an soya shi ya bushe sarai ya huce, sannan a zuba a roba mai murfi. Mai ɗumi a cikin leda ba zai kai Dogon Dutsi lafiya ba. Wanda ka san aljihunsa ya yi sauƙi, ka ba shi kuɗin mota a keɓe, ka ce "a sha ruwa a hanya".

Motocin nesa da asuba suke tashi, kuma ana so fasinja ya riga lokaci don a auna kaya. Kai manyan kaya tasha tun da yamma in kamfanin yana karɓa, ka kuma yi alkawari da mai adaidaita tun daren. Kafin a fita a duba ƙarƙashin katifa da igiyar shanya da wurin caji, nan ake mantuwa. In sun kama hanya ka kira da rana, ka sake kira da dare ka ji saukarsu.

Kashegari a mayar da duro da katifa da tukunyar aro, kowanne a wanke, da ɗan abin Sallah a kai. A biya ɗan garuwa da mai ƙanƙara da yarinyar da ta taya aiki cikon kuɗinsu. Sannan ka rubuta a takardar nan ta lissafi bido nawa aka sha a zahiri, kilo nawa na shinkafa ya rage, da abin da ya gaza, ka ajiye ta inda za ka same ta. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba wata biyu ne da kwana goma.